Ciyawar Dutsen Manantlán da Yaƙin Wuta-Wuta a Gonakinmu

A shekarar 1976 wani masanin tsirrai na Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Hugh Iltis, ya rarraba wa abokan sana'arsa katin gaisuwar sabuwar shekara. Zanen wata ciyawa ya sa a jikin katin, ya rubuta cewa ta ƙare a daji. Sunanta a littattafan kimiyya Zea perennis, kuma 'yar'uwar masara ce ta jini, cikin dangin ciyayin da ake kira tiyosinte. An fara ganin ta a 1910 kusa da garin Ciudad Guzmán da ke jihar Jalisco a yammacin Meksiko. Daga 1921 kuwa babu masanin da ya sake cin karo da ita a inda Allah ya tsirar da ita, sai 'yan tsirarun da ake reno a lambunan jami'o'i.

Kati ɗaya ya faɗa hannun Luz María Villarreal de Puga, malamar ilimin tsirrai a Jami'ar Guadalajara, babban birnin jihar. Ita ba ta yarda ciyawar ta ƙare ba. Ta liƙa katin inda ɗalibanta za su gani, ta ce wanda ya isa ya je ya nemo. Wani ɗalibi mai suna Rafael Guzmán ya ɗauki maganar da gaske, ya yi ta bin ƙauyuka da gefen gonaki, har a 1977 ya same ta da ranta a yankin da aka fara ganin ta. Ana cikin murnar wannan sai labari ya zo masa cewa can saman duwatsun Sierra de Manantlán akwai wata mai kama da ita, mutanen wurin suna ce mata chapule ko milpilla. Ya hau dutsen, ya tarar da ita tsaye a gefen gonaki da tsofaffin sauruka, ya ɗebo iri, aka aika Wisconsin.

Da irin ya tsiro aka ƙirga kuromosom ɗinsa, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta a cikin kowace ƙwayar jikin tsiro, sai aka ga abin da ba a zata ba. Masara tana da 20. Zea perennis tana da 40, shi ya sa ko an yi mata barbara da masara 'ya'yan ba sa yin albarka, akasarinsu ba sa ba da iri. Wannan ta dutsen Manantlán kuwa 20 gare ta cif, daidai da masara, ga shi kuma ba ta mutuwa bayan kaka: ganye ya bushe, saiwa ta kwanta a ƙasa, damina ta sauka ta sake tohowa. A watan Janairun 1979 mujallar Science ta buga bayaninta da sabon suna, Zea diploperennis, da sa hannun mutum huɗu: Iltis, ɗalibinsa John Doebley, Guzmán, da Batia Pazy.

Duniyar masu binciken iri ta ɗauka da zafi, kuma da dalili. Shekara tara kafin nan, a 1970, wata cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin ɗari na masarar Amurka a damina guda, saboda mafi yawan irin da kamfanoni suka sayar ya gaji rauni iri ɗaya daga uwa ɗaya. Kowa ya gane cewa gonar da duk tsironta jini ɗaya ne, cuta ɗaya ta ishe ta. Sai ga ciyawar daji wadda za a iya haɗa ta da masara kai tsaye ba tare da wata dabara ba. Jaridu suka kama maganar masarar da za a shuka sau ɗaya a yi ta girbi shekara da shekaru. Masana cututtukan tsirrai kuwa wani wuri suka duba. Lowell Nault da abokan aikinsa a jihar Ohio suka gwada ta da cututtukan bairos da ke addabar masara, suka tarar da yawa daga ciki ba sa kama ta ko ba sa yi mata illa, har da cutar zanen ganye da manoman Afirka suka sani sarai.

Yadda ake ɗibar iri a dutse

Wanda bai taɓa ganin tiyosinte ba, in ya hango ta daga nesa zai rantse masara ce. Ganyen ɗaya, tutar da ke samanta ɗaya. Sai ya matsa zai ga bambanci. Ba kara ɗaya take yi ba, cunkus take fitowa daga gindi guda. Ba ta da goyo irin na masara. Ɗan siririn zangarniya take yi wanda bai kai tsawon yatsa ba, ɗauke da ƙwaya biyar zuwa goma, kowace a kulle cikin ɓawo mai tauri da santsi. Da ƙwayar ta nuna sai zangarniyar ta ɓalle gaɓa-gaɓa ta zube ƙasa. Wannan zubewar ita ce rayuwar ciyawar, ita ce kuma wahalar mai ɗibar iri. In ya zo da wuri ƙwayar ɗanya ce, ba za ta yi ƙarko a ajiya ba. In ya makara ya tarar da kara fanko. Tsakanin biyun 'yan makonni ne a ƙarshen shekara, bayan ruwa ya ɗauke, kuma lokacin ba ɗaya ba ne a gindin dutse da samansa, domin sanyin sama yana jinkirta nuna.

Abin da ake nema ba buhu cike da iri ba ne. Ana neman bambancin da ke tsakanin tsiro da tsiro. Tun 1975 wasu masana biyu a Ostareliya, Marshall da Brown, suka yi lissafin da masu wannan aiki ke bi har yau: in kana so ka kama kusan duk wata ƙwayar gado (wato abin da ke ɗauke da hali guda da tsiro ke gada daga iyayensa) da ta ɗan yawaita a cikin al'ummar tsiro guda, to ka ɗiba daga tsiro talatin zuwa hamsin ko fiye, kaɗan-kaɗan daga kowanne, a warwatse cikin filin. Ƙwaya dubu daga gindi ɗaya ba ta kai ƙwaya goma-goma daga gindi hamsin daraja ba. A wajen Zea diploperennis akwai ƙarin tarko. Saiwarta tana rarrafe a ƙarƙashin ƙasa kamar ta citta, tana fitar da sabbin kara nan da can, don haka kara ashirin da kake gani a wuri ɗaya mai yiwuwa tsiro ɗaya ne. Dole mai ɗiba ya taka 'yan matakai tsakanin gindi da gindi, in ba haka ba zai sauko daga dutse yana murna alhali mutum ɗaya ya yi ta gaisarwa.

A dutse kuma kowane kwari al'umma ce mai zaman kanta. Iska ce ke ɗaukar garin barbarar wannan ciyawa, kuma ba ta tsallake tsauni da shi da sauƙi. Tsiron wannan kwari ya daɗe yana auratayya da junansa, ya saba da sanyinsa da ƙasarsa da cututtukansa, na kwarin da ke baya kuma ya bi tasa hanyar. Shi ya sa ba a gauraya irin wuri biyu a jaka ɗaya. Kowace jaka, ta takarda ko ta yadi don kada iri ya yi gumi ya ruɓe, tana da lambarta, lambar kuma tana da shafinta a littafi: sunan wuri, tsayinsa daga teku, gefen dutsen da ya fuskanta, irin ƙasa, tsirran da ke kewaye, ko akwai gonar masara kusa, ko shanu na shiga, ko an yi ƙuna, da sunan da mutanen wurin ke kiran tsiron da abin da suke yi da shi. A yanke cikakken tsiro ɗaya a danne shi tsakanin takardu ya bushe, ya zama shaida a ɗakin adana tsirrai. A zamanin yau ana ƙarawa da ɗan yankin ganye a cikin sinadarin da ke tsotse laima, don binciken DNA.

A ganina wannan littafin ya kai irin kansa muhimmanci, ko da yake shi aka fi rainawa. Jakar iri marar tarihi ba ta gaya wa mai bincike komai: bai san ko tsiron ya saba da sanyi ba, bai san ko ya riga ya gauraya da masarar maƙwabta ba, ba kuma zai iya komawa wurin bayan shekara ashirin ya ga ko yana nan ba.

Daga nan iri ya tafi rumbun ajiya. A busar da shi har laimarsa ta sauka zuwa wajen kashi 5 cikin ɗari, a rufe shi a mazubin da iska ba ta shiga, a sa shi a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. A haka yana iya yin shekaru masu yawa. Amma ba har abada ba. Lokaci-lokaci sai an fito da shi an shuka don a sabunta, kuma nan ma tiyosinte ba ta da sauƙi. Ba ta fure sai yini ya gajarta, tana zubar da ƙwaya, ga shi dole a nisanta ta da duk wata masara kada garin barbara ya lalata asalin. Cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, CIMMYT, da ke kusa da birnin Meksiko, mai riƙe da samfurin masara wajen 28,000, tana da tarin tiyosinte, haka ma Jami'ar Guadalajara, inda Jesús Sánchez González ya shafe shekaru yana bin duwatsun ƙasar yana tattarawa. Shi da abokan aikinsa ne suka ba da rahoto a 2011 cewa sun gano wasu al'ummomin tiyosinte da ba a sani ba a jihohin Nayarit da Michoacán da Oaxaca, fiye da shekara talatin bayan hawan Guzmán.

Irin wannan tari ne ya ba John Doebley, wancan ɗalibin na 1979, da abokan aikinsa damar nuna a 2002 cewa duk masarar duniya ta fito ne daga wata tiyosinte mai shekara guda ta kwarin kogin Balsas, wajen shekara 9,000 da suka wuce. Wani bincike na 2023 ya ƙara da cewa kusan kashi ɗaya bisa biyar na gadon masarar yau daga wata tiyosinten ne ta saman tsaunuka, wadda ta gauraya da masara daga baya. Masarar da ake gasawa a bakin titi a Zariya tana ɗauke da wannan jinin dutsen.

Da aka kori shanu da wuta

Da aka auna, sai aka ga duk inda Zea diploperennis take a Manantlán bai wuce hekta ɗari uku da 'yan kai ba, a wurare ƙalilan masu tsayin mita 1,400 zuwa 2,400, mafi yawa a kwarin San Miguel. Dukiyar da duniya ke ta magana a kai, gobara ɗaya ko sabuwar hanyar mota ɗaya tana iya taɓa rabinta. Don haka aka tashi kare ta a inda take. A 1984 gwamnatin Jalisco ta sayi fili mai hekta 1,245 a Las Joyas da ke kan duwatsun, aka damƙa wa Jami'ar Guadalajara ya zama tashar bincike. A watan Maris na 1987 gwamnatin tarayya ta ayyana hekta 139,577 na duwatsun, a jihohin Jalisco da Colima, a matsayin gandun kare halittu, UNESCO kuma ta amince da shi a 1988. Ciyawa ɗaya ta jawo kariya ga dazukan da daga baya aka lissafa tsirrai fiye da iri 2,700 a cikinsu.

A Las Joyas an yi abin da kowane mai kare daji na wancan zamani zai yi. An kewaye filin, an hana noma, an fitar da shanu, an hana sa wuta. Sai ciyawar da aka yi duk wannan dominta ta fara ja da baya. Ƙayoyi da ƙananan itatuwa suka mamaye filayen, bishiyoyi suka bi baya, inuwa ta rufe, ita kuwa tsiron rana ce. A San Miguel kuwa, inda manoma ke ci gaba da harkarsu yadda suka gada, tana nan lafiya lau.

Binciken da Bruce Benz da Lázaro Sánchez-Velásquez da Eduardo Santana suka buga a 1990, da waɗanda suka biyo bayansa, ya warware dalili. Manomin dutsen yana sassabe ya ƙone, ya shuka masara shekara ɗaya ko biyu, ya bar gonar ta huta. Da rani ya saki shanu su ci kara da ciyawa. Wutar tana kashe ƙananan itatuwa amma ba ta kai wa saiwar da ke kwance a ƙasa, don haka da ruwan farko ita ce ke riga kowa tohowa. Shanu suna cin ta, ƙwayar mai taurin ɓawo ta bi ta cikinsu ta fita da ranta a wani wuri, da takinta a tare. Manomin bai ɗauke ta abokiyar gaba ba, abincin dabbobinsa ce. Wato abin da masana suka kira tsiron daji, rabin rayuwarsa a hannun mutane yake. Dole aka dawo da sassabe a wasu filayen tashar don ciyawar ta sami rana.

Wannan shi ne zuciyar lamarin a wurina. Da a ce tawagar farko ta ɗebi iri ta sa a firiza ta tafi, da an sami ƙwaya amma ba a san me ke raya ta ba. Da a ce kuma an kori manoman gaba ɗaya daga dutsen da sunan kariya, da an hallaka ta da kyakkyawar niyya. Irin da ke cikin sanyi ya tsaya cak a ranar da aka ɗebe shi. Wanda ke kan dutse kuwa kowace damina yana karo da sabuwar cuta da sabon yanayi, masu rauni na faɗuwa, masu ƙarfi na ba da iri. Barazanar da ke gabanta yau ma daga canjin noma take zuwa: maganin kashe ciyawa, maye gurbin sauruka da ciyawar kiwo ta waje, da matasan da ke barin dutse su tafi birni ko Amurka, gonar ta koma daji.

Daga Jalisco zuwa Mokwa

Mafarkin masara mai tohowa kowace shekara bai tabbata ba har yau. Tsiron da ke tara abinci a saiwa don baɗi ba ya zuba shi duka a goyo, kuma halin tohowar ba ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da shi ba. Amfanin da ya fi fitowa fili ya ɓullo ne a inda babu wanda ya yi tsammani a 1979, wato a yaƙi da wuta-wuta, wadda wasu ke ce wa ƙuduji.

Manomin Arewa ba ya bukatar a kwatanta masa ita. Ƙwayarta ƙura ce, tsiro ɗaya yana zubar da dubun-dubatai, suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran ƙanshin saiwar dawa ko gero ko masara. Da ta ji shi sai ta tsiro ta maƙale, ta tsotsi ruwa da abinci, ta kuma sa wa shukar dafi. Kafin furenta mai launin shunayya ya bayyana a sama, ɓarna ta riga ta auku a ƙasa. Dawa da gero sun yi dubban shekaru suna fama da ita a nahiyar nan, wasu irinsu sun koyi jurewa. Masara baƙuwa ce, ba ta wuce shekara ɗari biyar a Afirka ba, kuma a ƙasarta ta asali babu wannan annoba. Da noman masara ya bazu a Arewa daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da takin zamani mai rahusa, sai ta shiga gidan wuta-wuta ba garkuwa. Da taki ya yi tsada ƙasa ta gaji, abin ya ƙara muni.

Cibiyar binciken noman ƙasashe masu zafi ta IITA da ke Ibadan ta fara neman mafita tun shekarun 1980, ta kuma samo masarar da ke iya ba da amfani ko da wuta-wuta ta kama ta. Wannan ci gaba ne, amma yana da gibi: masarar ta jure, ita kuma wuta-wutar ta yi fure ta zubar da sabon iri a gonar. Abin da ake so shi ne masarar da za ta hana ta girma tun daga saiwa. A 1997 masu bincike a tashar Long Ashton ta Ingila suka ba da rahoton cewa a cikin tsirran Zea diploperennis da suka gwada, wasu ƙalilan suna yin haka. Wasu ƙalilan, ba duka ba. Nan ne amfanin ɗiba daga gindi da yawa ya fito: da daga tsiro biyu ko uku aka ɗebo irin, da wuya a dace da masu wannan hali.

A IITA, Jennifer Kling da Abebe Menkir da abokan aikinsu suka haɗa ciyawar da masarar ƙasashe masu zafi. 'Ya'yan farko rabi masara ne rabi ciyawa, ba su da goyon kirki. Sai a sake haɗa su da masara, a zaɓa, a sake haɗawa, har sau huɗu. A lissafi, jinin ciyawar yana sauka daga rabi zuwa rubu'i, zuwa ɗaya bisa takwas, har ya koma wajen kashi 3 cikin ɗari. Gwanintar ita ce a tabbatar halin da ake nema yana cikin wannan ɗan ragowar, kuma ba a sanin haka sai a gona.

A filayen gwaji na Mokwa a jihar Neja da na Abuja, da gangan ake shuka annobar. A gauraya ƙwayar wuta-wuta da yashi mai laushi, a ɗebi awo guda mai ɗauke da ƙwaya wajen 5,000 masu rai a zuba a kowane rami, sannan a jefa masara a kai. A rage taki, domin wuta-wuta ta fi ƙarfi a ƙasa mai yunwa. Bayan mako takwas, sannan bayan mako goma, ma'aikata su bi kunya-kunya a sunkuye suna ƙirga kowace wuta-wutar da ta leƙo, suna ba kowane layi maki daga 1 zuwa 9 gwargwadon ƙonewar ganye da tsumburewar kara. Layin da ya faɗi a watsar. Wanda ya tsaya a sake gwada shi baɗi, a wani filin, da wuta-wutar wani yankin. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

A 2008 wata tawaga ta Jami'ar Purdue da IITA, cikinta har da Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ya sami Kyautar Abinci ta Duniya a 2009 saboda aikinsa kan dawa, ta duba ɗaya daga cikin irin masarar da aka samu ta wannan hanya, mai suna ZD05, a ƙarƙashin gilashi. Suka ga wuta-wutar da ke iya maƙale wa saiwarsa ba ta kai ta masarar da aka saba ba, waɗanda suka maƙale kuma da yawa sun kasa kaiwa ga jijiyar ruwa, suka tsumbure suka mutu. Baffour Badu-Apraku, shi ma a IITA, ya shigar da wannan jini cikin masara mai saurin nuna, irin wadda ta dace da gajeriyar daminar yankunan Sudan Savanna da Sahel. Tsakanin hawan Guzmán da wannan sakamako wajen shekara talatin ne.

Kada a yi wa manomi ƙarin gishiri. Ba duk irin masarar da ke jure wuta-wuta a kasuwa ne ya gaji wannan ciyawa ba, kuma wanda ya gada ma ba ya kawar da ita ɗungurungum. Rage ta yake yi. Sai an haɗa da taki, da juya gona da waken soya wanda ke yaudarar ƙwayar ta tsiro ta mutu, da tuge wadda ta fito kafin ta yi fure. Amma rage yawan wadda ke zubar da iri kowace shekara shi ne kaɗai hanyar da gona za ta warke a hankali, kuma a wannan fanni ciyawar dutsen ta ba da abin da aka daɗe ana nema a cikin masarar gida ba a samu isasshe ba.

Haƙƙin wa?

Lokacin da aka aika irin Wisconsin, al'adar masana ita ce iri na kowa ne, wanda ya nema a ba shi. Ta wannan ƙofa ya isa Ohio da Ingila da Ibadan. Daga baya ƙasashen da ke da arzikin tsirrai suka ga ana ɗibar nasu kyauta ana sayar musu da sakamakon da tsada. Yarjejeniyar Rio ta 1992 ta ce kowace ƙasa ita ke da iko da halittun cikinta. Yarjejeniyar iri ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004, ta ware amfanin gona 64 da za a riƙa musayarsu cikin sauƙi, masara na ciki, amma an cire Zea perennis da Zea diploperennis da Zea luxurians da sunansu. Ƙa'idar Nagoya ta 2010 ta ƙara sharaɗin neman izini tun kafin ɗiba, da yarjejeniyar raba amfani. Mai son sabon iri daga Manantlán a yau sai ya bi hukumomin Meksiko, inda dokar ƙasa ta sa ciyawar cikin tsirran da ke fuskantar barazana.

Ina ganin gaskiyar ɓangarorin biyu, kuma ba na jin an daidaita su. Manomin Mokwa ko Funtuwa da ya amfana ba kamfani ba ne, talaka ne kamar na San Miguel, kuma da ƙofar a rufe take a wancan lokaci da bai samu ba. A ɗaya gefen, mutanen dutsen, da yawansu 'yan asalin ƙabilar Nahua ne na yankin Ayotitlán da Cuzalapa, suna cikin mafi talauci a jiharsu. Kusan duk ƙasar gandun tasu ce, ta gama-gari ko ta ɗaiɗaiku, ba gwamnati ta saye ta ba. An dai ɗora mata dokoki ne. Gandun ya taimaka musu wajen taka wa kamfanonin katako na waje birki, wannan gaskiya ne. Amma aikin da ya raya ciyawar, sassabe da ƙuna da kiwo na kaka da kakanni, babu takardar da ta ƙiyasta shi da kuɗi, kuma sunan da ke kan mujallar 1979 na masana huɗu ne.

Mu ma muna da namu dutsen. A duwatsun Azbin da ke arewacin Agadas akwai geron daji, kakan geron da muke ci. Serge Tostain na cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM ya tattara geron daji a faɗin Sahel a shekarun 1980, bincikensa kuma ya nuna na Azbin rukuni ne mai zaman kansa, daban da na yamma da na Darfur. Inda geron daji ya haɗu da na gida ake samun shibra, wadda manomi ke tugewa a shekarar wadata, ya kuma girbe ta da wuri ya ci a shekarar da rumbu ya ƙare kafin kaka. Rumbunan ajiya muna da su: na cibiyar binciken amfanin gonar ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ICRISAT, a Sadore kusa da Yamai, da na cibiyar adana iri ta Najeriya, NACGRAB, a Ibadan, da tarin wake na IITA. Abin da lamarin Manantlán ke nema daga tawagar da za ta hau Azbin shi ne ta zauna da makiyaya da masu lambu na kwarurukan kafin ta buɗe jaka, ta rubuta wace dabba ke cin geron da wane wata, ina ruwa ke kwanciya, wane kwari ne ya daina fitar da shi tun farin 1973 da na 1984, ta bar kwafin iri da na littafin a Nijar, sannan ta sa ranar komawa ta sake ƙirga tsirran a wuraren da ta ɗiba.